Ɗaga ƙarfe da asuba ko bayan la'asar: ga inda aka kwana

Jama'ar ƙarfe, barkanmu da war haka. Tun da bazara ta kankama na mayar da atisayena daga bayan la'asar zuwa bayan sallar asuba, sai wasunku suka ce ai testosteron ɗin safiya nake bi. Ko kusa, zafi ne ya kore ni. Amma tunda an taɓo zancen, bari in faɗa muku abin da na gani.

Gaskiya ne testosteron, sinadarin da ke taimakon gina tsoka, ya fi yawa a jinin namiji da sassafe, ya riƙa sauka har dare. Abin da masu wannan zance ke tsallakewa shi ne kotisol ma a lokacin yake tashe. Shi ne mai tayar da jiki, ya tura sukari cikin jini, kuma yakan kai ƙololuwa kamar minti 30 zuwa 45 bayan an farka. Idan ya yi yawa ya daɗe, tsoka yake zaizayewa. Da safe duk biyun suna sama, da yamma duk sun sauko.

A farkon komawata asuba, nauyin da nake turawa a benci cikin sauƙi da yamma sai ya ƙi tashi daga ƙirjina. Faifan simintin nan ne dai da muka zuba da hannunmu, ba wanda ya ƙara masa ko tsakuwa. Dalilin bai wuce ɗumin jiki ba: yakan sauka ƙasa gab da asuba, ya kai matuƙa da yamma lis, tsoka mai ɗumi kuwa ta fi ƙarfi da sauri. Ga kuma baya. Faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya suna tsotsar ruwa cikin dare, shi ya sa sunkuyawa da kaya bayan tashi ke da wuya. Don haka na ƙara tsawon ɗumama jiki, tsallen igiya tukuna, sai sandar ƙarfe ba faifai, na kuma tura ɗauko ƙarfe daga ƙasa can ƙarshe. Dabino da ruwa kafin in fita.

Yanzu ratar ta kusa cikewa. Haka ma masu bincike a jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finland suka samu: waɗanda suka yi mako 10 suna atisaye da safe, raunin safiyar ya ragu musu, bambancin girman tsokarsu da na 'yan yamma kuma bai taka kara ya karya ba.

Sai batun sinadaran da ke tashi bayan an ajiye ƙarfe, wanda wasu ke ɗauka kamar shi ne sirrin duka. Tashin ba ya wuce sa'a guda. A 2010, ɗakin binciken Stuart Phillips a jami'ar McMaster ta Kanada ya gwada abin da wata dabara da ta burge ni. Samari suka riƙa horar da damtse ɗaya shi kaɗai, ɗaya damtsen kuma a wata rana tare da aikin ƙafa mai tsanani don sinadaran su hau. Bayan mako 15, damatsan biyu kunnen doki suka yi, a girma da ƙarfi.

Inda na ga haɗari ga ɗan asuba shi ne barci. A 2011 masu bincike a jami'ar Chicago ta Amurka sun taƙaita barcin wasu samari lafiyayyu zuwa awa 5 na tsawon mako guda, testosteron ɗinsu na rana ya faɗi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Sinadarin girma shi ma a barci mai nauyi na farkon dare ya fi fita. To wanda ya kai ƙarfe ɗaya a gidan kallon ƙwallo, ya tashi asuba ya rungumi ƙarfe, ya zubar da abin da ya fito nema. Ni dai bayan isha'i ba na daɗewa a majalisa yanzu, abokai har sun fara tsiya.

Masu shirin gasa, ku tambayi lokacin da za a yi ta, ku mayar da atisayenku wannan sa'ar tun da sauran makonni. Ni kuwa zan zauna a asuba har ruwa ya sauka, sannan in gwada komawa la'asar mu ga ko bencin zai ƙaru.