Kundina kan ƙasashen Baltik da malamin da ya riƙe shi

Tunda sakamako ya fito, na kuma kwashe 'yan komatsaina daga sashen, babu sauran abin da zai hana ni faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Domin ƙannenmu masu shirin zaɓen take nake wannan rubutu, musamman waɗanda ke tare ni a hanya suna tambaya wai ko taken da na ɗauka ne ya sa 'yan ajinmu suka gama digiri na biyu suka bar ni. Sun bar ni kam, kowa ya gani. Amma take bai yi mini laifin komai ba. Na yi aiki ne a kan siyasar harkokin wajen ƙasashen Baltik uku, wato Lituwaniya da Latbiya da Estoniya, daga 1991 zuwa 2004, shekarar da suka shiga NATO da Tarayyar Turai, kuma da za a ce in sake zaɓa, shi ɗin zan ɗauka.

Babi na biyu ne ya jawo rigimar, babin tarihi, wanda yawancinmu muke ɗauka share fage ne kawai.

Malamin da aka ba ni ya duba aikin kun san shi, ba sai na kama suna ba. Yana cikin waɗanda suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet, kuma har yau ƙasar tana nan daram a zuciyarsa. Ban taɓa ganin baikensa a kan haka ba. Lokacin yaƙin basasarmu Mosko ce ta sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi sa'ad da Amurka ta ƙi. Su suka zo aikin masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, su suka taimaki masu fafutukar 'yanci na Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu da makamai da horo. Wanda ya ga wannan da idonsa yana da dalilin jin abin da yake ji. Inda muka rabu da shi, da wannan ƙaunar yake so ya auna tarihin wasu mutane. A wurinsa ƙasashen nan uku da bakinsu suka roƙi a shigar da su Tarayyar Sobiyet a 1940, suka zauna lafiya shekara 50, sannan Turawan Yamma suka zuga su suka ɓalle. Da idon Biyafara yake kallonsu, kuma haka yake so in rubuta.

Ni kuwa abin da takardu suka nuna shi na rubuta. Ƙasashen nan sun ayyana 'yancinsu a 1918 bayan rushewar daular sarakunan Rasha. A 1920 gwamnatin Sobiyet da kanta ta sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya da kowaccensu. A ta Tartu, wadda ta ƙulla da Estoniya ranar 2 ga Fabrairu, ta rubuta cewa ta yafe duk wani iƙirarin mallakar ƙasar har abada. A 1921 dukansu suka zama membobin majalisar ƙasashen duniya da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Shekara 20 suna da tutoci da jakadu da kuɗinsu. Sai ranar 23 ga Agusta 1939 Molotov da Ribbentrop, ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, suka sa hannu a yarjejeniyar Sobiyet da Jamus, da wani ƙarin shafi na sirri da ya raba gabashin Turai tsakaninsu. Estoniya da Latbiya suka faɗa rabon Mosko, Lituwaniya ta biyo baya cikin Satumba da aka sake rabon. Kafin shekarar ta ƙare an tilasta musu karɓar sansanonin sojan Sobiyet. A Yuni 1940 aka ba su wa'adi na sa'o'i, sojoji suka shiga, aka naɗa sababbin gwamnatoci. A Yuli aka yi zaɓe da jerin 'yan takara guda ɗaya tal, aka ce sun samu sama da kashi 90 cikin 100. Majalisun da wannan zaɓen ya haifa su ne suka "roƙi" shiga Tarayyar, aka karɓe su a farkon Agusta. Wannan shi ne roƙon da Malam yake kafa hujja da shi.

Na kuma rubuta abin da ya biyo baya, domin idan babu shi mai karatu ba zai gane tsoron da ke tuƙa siyasarsu ba: jiragen ƙasa da suka kwashi dubban iyalai zuwa Sibiriya ranar 14 ga Yuni 1941, da kwasar Maris 1949 wadda ta haɗa da mutum sama da 90,000, akasarinsu mata da yara, da mayaƙan da suka shiga daji suna turjiya har cikin shekarun 1950. Sannan sauyin yawan jama'a. 'Yan asalin Latbiya sun kai kusan kashi 75 na ƙasarsu kafin yaƙi. A ƙidayar 1989 sun dawo kashi 52. 'Yan Estoniya daga kashi 88 suka dawo wajen 61.

Malam ya bi shafukan nan da jan biro ya ce in cire su, in fara tarihin daga 1991. Na je ofishinsa na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, idan na cire wannan babu abin da zai rage a kundin. Ba gardama nake yi da shi ba, gaskiyar aikin ke nan. Duk abin da ƙasashen nan suka yi bayan 1991 a kan abu ɗaya suka gina shi: cewa ƙasashen 1918 ba su taɓa mutuwa a idon doka ba, mamaye su aka yi, kuma da mamayar ta ƙare suka ci gaba daga inda aka tsayar da su. Shi ya sa Latbiya ba ta zauna rubuta sabon tsarin mulki ba, na 1922 ta maido. Shi ya sa suka ƙi shiga ƙungiyar da yawancin sauran tsofaffin jamhuriyoyin Sobiyet suka kafa a Disamba 1991. Shi ya sa suka nace sojojin Rasha su fita a matsayin baƙin sojoji, har suka bar Lituwaniya a Agusta 1993, suka bar Latbiya da Estoniya a Agusta 1994. Ko rikicin iyaka a nan ya samo asali: a 2005 Estoniya da Rasha sun sa hannu a yarjejeniyar iyaka, da majalisar Estoniya ta ambaci Tartu a gabatarwar dokar amincewa da ita, sai Rasha ta janye sa hannunta. Ta yaya ɗalibi zai bayyana wannan idan an hana shi faɗin mene ne Tartu?

Ba su kaɗai suke riƙe da wannan matsayi ba. Tun 23 ga Yuli 1940 Amurka ta sanar, ta bakin Sumner Welles, muƙaddashin sakataren harkokin wajenta, cewa ba ta amince da haɗiyar ba, kuma jakadun ƙasashen uku suka ci gaba da buɗe ofisoshinsu a can tsawon rabin ƙarni alhali gwamnatocin da suka aiko su babu su. Na rubuta cewa Yamma ma ba baki ɗaya ta yi ba: Suwidin ta amince da mamayar, Ostireliya ta amince a 1974 sannan ta janye a shekarar da ta biyo. Wanda yake yi wa Turawa farfaganda ba zai tono wannan ba.

Farfagandar ce kuwa aka jefe ni da ita ranar gabatar da aiki a gaban malaman sashe da ɗalibai. Mai duba aikina, wanda bisa al'ada shi ya kamata ya tsaya mini, shi ya fara miƙewa ya ce abin da na kawo kwafin maganganun NATO ne, ban yi bincike ba, kuma shafin sirrin da nake ta ambato ƙagen Turawan Yamma ne. Na nemi izini cikin ladabi na karanta abu ɗaya. Ranar 24 ga Disamba 1989 babban taron wakilan jama'ar Tarayyar Sobiyet, a Mosko, bayan rahoton kwamitin Alexander Yakovlev, ya amince cewa shafin sirrin gaskiya ne, ya yi Allah wadai da shi, ya ce ba shi da ƙarfin doka tun ranar da aka sa masa hannu. Wannan ya zo ne wata huɗu bayan mutum kusan miliyan 2 sun riƙe hannun juna daga Tallinn zuwa Riga har Vilnius, manyan biranen ƙasashen uku, sama da kilomita 600, ranar cika shekara 50 da yarjejeniyar. Ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Ɗakin ya yi tsit, shugaban taro ya wuce zuwa mai gabatarwa na gaba.

Daga ranar kundina ya shiga durowa. In na je ofis a ce ya fita, in na kira ba a ɗauka, in muka haɗu a baranda ya ce in dawo mako mai zuwa. Na sake biyan kuɗin makaranta. Wani aiki da aka yi mini alkawarinsa bisa sharaɗin in kawo shaidar kammalawa ya wuce ni. Malamai da yawa sun san abin da ake ciki, wasu har jaje suke yi mini a ɓoye, amma babu wanda ya yarda ya ɓata da abokin aikinsa saboda ɗalibi. Mutane suna ce mini in yi haƙuri in rubuta abin da yake so, ai takarda ce kawai nake nema. Na yi haƙurin, amma ban rubuta ba. Har yau idan na tuna ba na jin cewa an biya ni abin da aka ci mini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa karanta babi na huɗu ba. Da ya karanta, da ya tarar da hujjojin da suka fi nasa ƙarfi, a rubuce da hannuna. Ban mayar da ƙasashen Baltik waliyyai ba. Na rubuta cewa kafin Sobiyet ta shigo dimokuraɗiyyarsu ta riga ta faɗi: Smetona ya hau mulkin Lituwaniya ta juyin mulki a 1926, Päts na Estoniya da Ulmanis na Latbiya suka rufe bakin majalisunsu a 1934. Na rubuta cewa lokacin mamayar 'yan Nazi an hallaka sama da kashi 90 na Yahudawan Lituwaniya, kuma akwai 'yan ƙasa da suka sa hannu a kisan, a Paneriai kusa da Vilnius da Rumbula kusa da Riga. Na kuma tsaya sosai a kan maganar zama ɗan ƙasa, domin nan ne wannan aƙida ta cewa ƙasashen 1918 ba su taɓa mutuwa ba ta nuna kaifinta. Lituwaniya, da yake 'yan asalinta sun kai kusan kashi 80, ta ba kusan duk mazaunanta takardar zama ɗan ƙasa. Latbiya da Estoniya kuwa waɗanda suke 'yan ƙasa kafin mamayar 1940 da zuriyarsu kaɗai suka mayar wa. A Latbiya mutum wajen 700,000, yawancinsu masu magana da harshen Rasha, wasu ma a nan aka haife su, suka wayi gari ba su da ƙuri'a. Sai da matsin lamba daga Turai, musamman na Max van der Stoel, babban kwamishina kan tsirarun ƙabilu a ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai, da ƙuri'ar raba gardama ta 1998, kafin aka sassauta dokar. A nan ne ake muhawara ta gaske, a nan ne nake buƙatar malami mai jin harshen Rasha, wanda ya zauna a cikinsu, ya matsa mini da tambayoyi. Allah ya ba shi duk abin da zai sa kundin ya fi haka kyau, ya zaɓi ya tsaya a kan abin da Mosko ma ta riga ta amsa.

Daga ƙarshe canjin shugaban sashe ne ya fito da fayil ɗina. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a domin kare kundi a babi na huɗu ya fi daɗewa. Ya tambaye ni ko ƙasar da aka zalunta tana da damar ta ɗora wa 'ya'yan baƙin da aka kawo mata laifin iyayensu. Mun daɗe a kan wannan, kuma ita ce hira mafi amfani da na yi a duk zamana a sashen. Babi na biyu bai canja ko waƙafi ba.

Darasin da na fita da shi ya shafi yadda ake koya mana wannan fanni. Kullum daga Washington ko Mosko ko Beijing ake kallon duniya, ƙananan ƙasashe kuwa fili ne kawai da manya ke kokawa a kai. Da wannan kallo ba za ka ga cewa 'yan Baltik su suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar NATO ba, alhali wasu manyan membobinta suna ɗari-ɗari don gudun ɓata wa Rasha rai. Ba za ka gane abin da ya sa Lituwaniya ta ayyana maido da 'yancinta ranar 11 ga Maris 1990 ba, ta jure takunkumin mai da gas, ta binne mutum 14 da aka kashe a Vilnius cikin Janairu 1991, lokacin da ƙasashen Yamma suke lallaɓa Gorbachev kuma ƙaramar Aislan ce ta fara tsaya mata. Mu da muka san zafin a zauna a Balin a raba ƙasarmu ba a tambaye mu ba, bai kamata mu ne za mu ƙi sauraron wasu ba don kawai wanda ya raba tasu abokinmu ne.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka dunƙule ƙasashen uku wuri ɗaya: harshen Estoniya ɗan'uwan na Finland ne, Lituwaniya ƙasar Katolika ce, kuma a bikin tunawa da cin nasara a kan 'yan Nazi na 9 ga Mayu 2005 a Mosko shugabar Latbiya ta je, na Lituwaniya da na Estoniya suka ƙi. Ka nemi ainihin takardar yarjejeniya ka karanta, kada ka tsaya ga abin da wani ya ce ta ce. Duk babin da ka miƙa, ka sa a rubuta maka ranar karɓa a kan kwafinka. Wanda kuma aka haɗa shi da wannan malami a bana, in har takensa ya taɓa Rasha ko ta gefe ne, ya je wurin shugaban sashe tun kafin gabatar da tsarin aiki ya nemi a ƙara masa mai dubawa na biyu, kuma ya nema a rubuce.