Nauyin suruki a duniyar wata

Jiya ina kicin ina kiciniyar ɗaga buhun shinkafa mai kilo 50, bayana har ƙara yake, sai na tuna malamin fizis ɗinmu na sakandare da ya ce a duniyar wata nauyin abu kashi ɗaya ne cikin shida na nan, wato buhun nan zan ji shi kamar kilo 8 da ɗoriya, amma fa shinkafar ba ta ragu ba ko ƙwara ɗaya, janyowar ce kawai ta yi sanyi.

Sai na ce wa uwargida wallahi ni wata nake so. Ta ajiye ludayi ta ce wace watan? Na ce ta sama, wadda Neil Armstrong ya taka a 1969. Ta ce to Allah ya sa, har yanzu dai kallon da take min bai gama sauka ba.

Ni abin da ke damuna ma, nauyin surukina da nake ji, in mun haɗu can zai ragu ne? Ko nauyin gidan nan, kuɗin makaranta da cefane? Anya. Na tambaye ta, ta ce tukuna in ɗauke buhun daga bakin ƙofa.