Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hong Kong da Sunan da Na Tarar a Kan Dutse

Makon jiya na tsaya ne a inda muka gama lodin kwantena a Guangzhou, aka rufe ta aka buga hatimi, maigidana ya biya kuɗin dako. Abin da ya rage sai jiran ranar jirgin komawa gida. A daren nan muna shan shayi a masaukinmu na unguwar Xiaobei, Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, gobe ka ajiye littafin lissafin nan. Ka sha wahala, zan kai ka ka ga ruwa." Ashe tun muna Kano ya nema mana izinin shiga Hong Kong, domin bizar China ba ta shigar da mutum can. Ƙasa ɗaya ce, amma suna da nasu jami'an shige da fice, da nasu kuɗin, da nasu dokokin.

Jirgin ƙasa mai ɗan karen gudu, wanda aka buɗe layinsa a 2018, shi ya kwashe mu, cikin wajen awa guda sai ga mu a Kowloon. Muna fitowa bakin titi Alhaji ya cafke hannuna. "Duba damanka tukuna." A hagu motocinsu suke tafiya, gadon Turawan Ingila. Ya ce haka mu ma ake tuƙi a Najeriya har 1972, kuma yana tuna ranar da aka sauya, lokacin yana yaro.

A Chungking Mansions muka sauka, kan titin Nathan. Gini ne mai hawa 17 da aka kammala a 1961, kuma duk ɗan kasuwar Afirka da ya taɓa taka garin ya san shi. Kantin Kwari ne aka ɗaga aka tsayar da shi tsaye: masu canjin kuɗi, masu wayoyi, 'yan Indiya da Pakistan da tukwanen abincinsu, ga layi a bakin lif. A layin nan na ji Hausa a bayana, wani ɗan zangon Kumasi yana waya yana ciniki. Muka gaisa har da tambayar mutan gida. Ɗakin da aka ba mu, in ka shimfiɗa sallaya to ƙofa ba za ta buɗu ba, sai dai mu yi salla bi da bi. Ba laifin kowa ba ne, ƙasa ce ta yi tsada. Mutum sama da miliyan 7 ne a matse tsakanin duwatsu da teku, shi ya sa kowane gini sama ya nufa.

Azahar a babban masallacin Kowloon muka yi ta, 'yan taku kaɗan daga masaukin, farin gini mai ƙubba da hasumiya huɗu a gefen lambun shaƙatawa. Daga nan muka gangara bakin ruwa.

Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Tiga ba. Da na tsaya a Tsim Sha Tsui, kusa da tsohuwar hasumiyar agogo, na hangi tsallake, sai na rasa bakin magana. Benaye sun jeru tun daga gaɓar teku har gindin dutse, ruwan kuwa babu inda yake hutawa: jiragen fito, jiragen jan kaya, kwale-kwale, kowa da inda ya dosa. Muka shiga Star Ferry, jirgin fito mai launin kore da fari wanda ya haura shekara ɗari yana tsallakar da mutane. Kuɗin shigarsa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya ɗauki hankalina a ciki shi ne kujerun. Majinginarsu ta katako ana tura ta gaba ko baya, saboda jirgin ba ya juyawa. Duk inda ya fuskanta sai ka tura majingina ka zauna kana kallon gaba. Wata tsohuwa da ledar kayan miya ta tura tata da gwiwa ko kallo ba ta yi ba. Da muka iso, wani dattijon ma'aikaci cikin shuɗin kayan matuƙa ya miƙa doguwar sanda mai ƙugiya, ya cafko igiya mai kaurin damtse, ya zarga ta a turke. Hannunsa ya san aikin nan fiye da idonsa. Na so mutumin nan, ban kuma san dalili ba.

Abinci shi ne abin taka-tsantsan a garin, domin naman alade yana ko'ina, a rataye a tagogin gidajen abinci tare da gasassun agwagi. Alhaji ya san hanya. Muka hau taragon lantarki mai hawa biyu, a kan layin da yake aiki a tsibirin Hong Kong tun 1904, zuwa Wan Chai, inda Masallacin Ammar yake da ɗakin cin abinci na halal a sama. A nan na ci abincin mutanen Canton na asali hankali kwance. Ƙananan kwanduna na gora ake kawowa suna tururi, a ciki ƙullin fulawa mai laushi an cusa masa jatan lande ko naman kaza, ga shayi ba sukari ana ta zubawa. Sinawa Musulmi da 'yan Indonesiya ne suka cika teburan.

Da la'asar sakaliya muka hau Dutsen Victoria, mai tsayin mita 552, a jirgin da igiyar ƙarfe take ja tun 1888. Tsabar miƙewar hawan, sai ka ga benaye sun karkace ta taga. A sama mutane sun yi cincirindo wurin ɗaukar hoto, sai Alhaji ya ja ni wata siririyar hanya da ta zagaye dutsen cikin itatuwa. A bakinta akwai allo fari, rubutun Turanci da na Sinanci. Na karanta: Lugard Road.

Na tsaya cak. Na ce, "Alhaji, wane Lugard?"

Ya ce, "Naku. Gwamna Lugga."

Shi ne dai. Mutumin da sojojinsa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka shiga Sakkwato a watan Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada. Mutumin da a zamaninsa aka kama Sarkin Kano Alu, wanda ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Kakana bai taɓa ba mu labarin nan ba tare da muryarsa ta canja ba. Bayan Lugga ya bar Arewa a 1906, nan aka turo shi gwamna daga 1907 zuwa 1912, sannan ya koma ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Su ma mutanen nan da bakin bindiga aka karɓi garinsu, bayan yaƙin da Ingila ta yi da China a kan cinikin ƙwayar opiyom, kuma sai 1997 aka mayar musu.

Muna tafe a kan hanyar, garin gaba ɗaya a ƙarƙashinmu, Alhaji ya nuna mini yamma ya ce can Jami'ar Hong Kong take, kuma Lugga ne ya tsaya kai da fata aka kafa ta a 1911. Wannan magana ta soke ni. Mu sai 1962 muka samu Jami'ar Ahmadu Bello, rabin ƙarni a tsakani, alhali mutum ɗaya ne ya mulke mu. Na faɗa wa Alhaji haka, raina a ɓace. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in sani fa kuɗin ginin ba daga aljihun Lugga suka fito ba. Wani attajiri ɗan asalin Indiya, Hormusjee Mody, shi ya ɗauki nauyin babban ginin, attajiran Sinawa da kamfanonin garin suka zuba nasu. 'Yan kasuwa ne irinmu.

Har yau ina riƙe da maganganun nan biyu, kuma ban yarda ɗaya ta goge ɗaya ba. Abin da aka yi wa kakanninmu zalunci ne, ba kuma zan daina kiransa da sunansa ba don na ga titi mai kyau. Amma na san irin dukiyar da take juyawa a Kwari da Singa da Dawanau a rana guda, na kuma san makarantar firamaren unguwarmu da yara suke zaune a ƙasa. Tun daga ranar, in aka zo neman gudummawar makaranta a layinmu, ba na cewa a dawo gobe.

Magariba ta kawo jiki, muka bi layin sauka. Muna cikin jirgin fito na komawa Kowloon aka fara wasan fitilun da a lokacin benayen suke yi kullum ƙarfe takwas na dare, fasinjoji suka koma gefe guda da wayoyinsu. A bakin masauki muka tarar an liƙa sanarwa cewa guguwar teku tana tafe, an ɗaga alamar gargaɗi ta farko. Yadda ta kai lamba 8, gari ya rufe ruf, da yadda muka yi da tikitin jirginmu na komawa gida, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.