Cikon benci

Ina da wani tsohon littafin rubutu mai jan bango da na kasa yarwa, duk da ɓera ya ci gefensa. A ciki na rubuta labarin fim ɗina na uku, tun zamanin da ake sayar da finafinai a faifan sidi, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai na riƙe da wuƙa da nama a harkar. A shafin farko na jera mutanen labarin. Jarumi yana da suna, da sunan mahaifi, da unguwa, har da abin da ya haɗa shi faɗa da yayansa. Jaruma ma haka. Can ƙasa, a layi na 14, kalma ɗaya na rubuta: Inyamuri. Ba suna, ba gida, ba mata, ba 'ya'ya. Fitowarsa uku, kuma duk ukun aikinsa ɗaya ne: ya kwaɓa Hausa, ya sayar da jabun kaya, in an kama shi ya ce bai ji ba.

Furodusa ya ce in ƙara masa fitowa ɗaya, don a nan ne jama'a za su yi dariya. An kuwa yi. Kaina ya fasu, har na fara ganin na gano lagon masu kallo.

Ƙannena masu sha'awar rubutun fim, ku ji yadda aka sauke mini girman kan nan.

Bayan wasu watanni na raka wani abokina Sabon Gari neman kayan gyaran mota. Muka shiga shagon wani dattijo Ibo, furfura har gira, yana zaune kan kujerar roba yana lissafi a wani dogon littafi. Abokina, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya nuna ni ya ce ai wannan shi ya rubuta fim kaza. Dattijon ya cire tabarau, ya kalle ni, ya ce, “Ɗana, zauna.” Ya aiki yaron shago ya kawo mana lemo mai sanyi. Hausar da ta fito daga bakinsa Kananci ce tsantsa, irin wadda nake ji a bakin tsofaffin cikin gari.

Ya ce da jikokinsa ya kalli fim ɗin. Ƙaramin ya juyo ya tambaye shi, “Kaka, haka kake magana in ka je kasuwa?” Ya ce a garin nan aka yanke masa cibiya, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Sun gudu a 1966, suka dawo bayan an gama yaƙin basasa a 1970, suka fara daga tabarma. Sannan ya ce, “Ban ce babu macuta a cikinmu ba. A layin nan ma sai in nuna maka biyu. Amma su ma suna da suna.”

Lemon nan ban san yadda na shanye shi ba.

A hanya na yi ta kare kaina a zuci. Ai wasa ne. Ai mu mutane ne masu barkwanci: Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, kowa na tsokanar kowa ba a ganin jini. A Nijar ma hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantaka cikin kayan gadon duniya a 2014. Sai dai da na natsu na ga inda hujjar ta yage. Taubashinka yana gabanka, yana da baki, in ka jefa masa ɗaya ya rama da biyu, kowa ya tafi yana dariya. A fim ni ke riƙe da bakin mutumin. Ni na zaɓa masa abin da zai faɗa, ni na hana shi ramuwa, sannan na buga shi a faifai aka kai kowane lungu. Wannan ba wasan taubasai ba ne, dukan wanda aka ɗaure ne.

Abin kunyar ma, ina cikin masu kumfar baki a majalisa duk lokacin da fim ɗin Kudu ya nuno Bahaushe. Kun san shi: maigadi da 'yar rediyo a kunne, goro a baki, sunansa Aboki, Turancinsa abin dariya, ba ya gane saƙo sai an maimaita. Mukan ce waɗannan mutane ba su san mu ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani. Shi ya sa ranar da na kalli Lionheart, fim ɗin Genevieve Nnaji na 2018, na ga Sani Mu'azu ya fito a matsayin attajiri mai kamfanin sufuri wanda labarin ba ya warwaruwa sai da shi, na ji daɗi kuma na ji nauyi. Wata ta yi wa mutanena abin da na kasa yi wa nata.

To, sai na tuba. Kuma a cikin tubar na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko wuyar ganewa, domin shi yabo ake yi maka a kansa.

Wata ƙungiya mai ba da tallafi ta ɗauki nauyin shiri mai dogon zango kan zaman lafiya, aka kira ni cikin marubuta. Suka ba mu takarda mai gidaje-gidaje: mata nawa, Kirista nawa, mai buƙata ta musamman nawa. Na cike ta tsaf kamar mai cike fom ɗin banki. Na ƙirƙiro wata ma'aikaciyar jinya Kirista daga kudancin Kaduna, na ba ta sunan da ya fara faɗo mini a kai. Saboda tsoron abin da ya faru a baya, sai na wanke ta tas. Ba ta fushi, ba ta gulma, ba ta cin bashi, ba ta makara wurin aiki. Kullum tana murmushi a bakin gadon asibiti. Da azumi ta kawo wa maƙwabta ƙanƙara, jarumi ya yaba mata, kyamara ta tsaya kan fuskar jarumin don a ga yadda yake da faɗin zuciya.

A lokeshan, rana ta huɗu, yarinyar da aka ba rol ɗin ta same ni a gindin wata darbejiya ina cin ɗanwake. Ita ma 'yar can ce, a Kano ta tashi. Ta tsuguna, takardun a hannunta, ta ce, “Yaya, don Allah in tambaye ka. Ni me nake so a cikin shirin nan?” Na ce kamar yaya? Ta ce, “Kowa yana neman wani abu. Wannan aure, wancan kujerar kansila. Ni ba ni da uwa, ba ni da saurayi, ba a taɓa nuna ɗakina ba. Kashi goma sha uku, ko Lahadi ɗaya ban je coci ba. In na fita daga asibiti ina nake zuwa?”

Ban da amsa, don ban taɓa tambayar kaina ba.

Hukuncin ya zo a ɗakin tace hoto. Lokaci ya yi mana yawa, edita ya zare fitowarta huɗu. Muka kalli shirin daga farko har ƙarshe, babu inda ya yi gurgunta, babu wanda ya lura. A nan na gane cewa mala'ikar da na rubuta da macucin da na rubuta shekarun baya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ɗaya na sa shi don a yi dariya, ɗaya na sa ta don a yaba mini. Dukkansu cikon benci ne.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, a 2015 da 2016, duk 'yan wasan fim 20 da aka tsayar takarar Oscar, shahararriyar kyautar finafinai, fararen fata ne, shekara biyu a jere, aka yi ta cece-kuce. A 2020 masu shirya kyautar suka fitar da sharuɗɗa huɗu kan shigar da waɗanda aka saba bari a baya, suka ce daga bikin 2024 fim ba zai nemi kyautar gwarzon fim ba sai ya cika biyu. A shekarar ta 2020 kuma John Boyega, ɗan wasan Ingila wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fito ya koka cewa an tallata shi a finafinan Star Wars kamar shi ne ginshiƙi, da tafiya ta yi nisa aka ture shi gefe. Ni ban raina ƙidaya ba. Ba don fom ɗin ƙungiyar nan ba, da yarinyar can ba ta samu aikin ba ma balle ta yi mini tambaya. Ƙidaya tana buɗe ƙofa. Amma fom ba ya rubuta mutum, wannan aikin marubuci ne, kuma ni na ƙi yi.

Abin da nake yi yanzu, kuma nake so ku fara tun da wuri, shi ne gwajin editan nan, tun labarin yana kan takarda. Duk wanda na sa a labari wanda ba ɗan gida ba, nakan cire shi in karanta. In babu abin da ya rushe, to ko dai in ba shi aiki na gaske, ko in sallame shi. Sallamar ba laifi ba ce. Labarin kishiyoyi a wani ƙauyen Kazaure ba dole sai an cusa masa Bayarabe ba. Amma in ka ce labarinka a Sabon Gari yake, unguwar da aka kafa domin baƙi tun zamanin Turawa, ko a Jos, ko a Kaduna, sannan kowa a ciki Bahaushe ne in ban da mutum ɗaya mai kwaɓa magana, to ƙarya ka yi wa garin.

Kuma kada ku bar shi shi kaɗai. Mutum ɗaya tilo daga wata ƙabila ɗaukar masa kaya ake yi, ya zama shi ne ƙabilar dukanta: in ya yi sata an zagi mutanensa, shi ya sa marubuci ke tsorata ya mayar da shi waliyyi. Sa su biyu ko uku, sai ka samu sarari. Ɗaya ya yi rowa, ɗaya ya yi kyauta, su yi faɗa a tsakaninsu kan abin da bai shafi jarumi ba.

Sauran kuwa tafiyar ƙafa ce. Mun daɗe muna nuna Bagwari da doya a kafaɗa yana sokonci, alhali yawancinmu ba mu san cewa Gbagyi suke kiran kansu ba, kuma matar da ke bayan takardar naira 20 tana ginin tukunya, Ladi Kwali, 'yarsu ce. Kullum tana aljihunmu, ba mu taɓa tambaya ba. Haka Buzu maigadi, haka Bafulatanin da aka yi wa wayo a tasha, haka makaho da kurma da zabiya da muke sakawa don a ji tausayi ko a yi dariya. Je ka zauna da su. Ka ba ɗaya daga cikinsu labarin ya karanta kafin a ɗauka, ka kuma biya shi kuɗin karatun, don aiki ya yi maka.

Shekarun baya na sake rubuta ɗan kasuwa Ibo, wannan karon da suna, da mata mai ciwon ƙafa, da ɗa da ya ƙi gadon shago, da bashin da yake bin wani direba Bahaushe shekara biyu. Na ɗauki takardun na koma shagon nan. Dattijon ya ƙara tsufa, ɗansa ne ke kan kanta. Na karanta masa fitowa shida yana jinjina kai, sai da na zo inda mutumin ya ba da kaya bashi da baki kawai, sai ya ɗaga hannu.

“A'a, ɗana. Wannan ba ɗan kasuwa ba ne. Ko ƙaninsa ne sai ya rubuta.” Ya janyo dogon littafinsa ya buɗe mini, sunaye jere, wasu an soke su da jan biro, wasu suna nan. Sai ya gyara zama, ya ce, “To ci gaba. Direban nan ya biya, ko bai biya ba?”