Godiya ta musamman ga matan da muka taka unguwar Mission tare

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Lahadi nake son rubuta wannan, amma ƙafafuna da wayata duk suka ƙi ba ni haɗin kai, sai yau Allah ya yi. Duk wanda na manta ban ambata ba don Allah ya yafe min, ba raini ba ne, kai ne ya ɗau zafi.

Da farko dai Alhamdulillah, Hajiyarmu ta warware sarai, tana nan tana cin tuwonta tana min faɗa kamar kullum, waɗanda suka yi ta kira da masu turo saƙo a grup na gode, na gode, Allah ya bar zumunci. Zan zo kan abin da ya faru ɗin, ku ɗan yi haƙuri in fara daga farko don waɗanda ba su samu zuwa zagayen ganin zanen bangon da muka yi ba.

Shekarata shida a Oakland, kuma ban san adadin sau nawa na sauka a tashar jirgin ƙasa na BART ta titin 24 a unguwar Mission ta San Faransisko ba, in sayi abin da zan saya in juya, zanen nan na bango ina ganinsu da gefen ido kawai, a raina fenti ne mutane suka ɓata. Maman 'yan biyu ce ta kawo shawarar a samu wadda ta san unguwar ta zagaya da mu a ƙafa, ta nuna mana waɗanda mata suka zana kaɗai. Gaskiya da farko na ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne. To na ci maganata, Maman 'yan biyu ki yafe min, ke ce ta farko a godiyar nan, ke kika nemo matar, kika bi mu ɗaya bayan ɗaya kina karɓar kuɗi kamar uwar adashe, har da cike wa mutum biyu daga aljihunki kuma kika ce kar a faɗa. To ban faɗi suna ba ai.

Sai ita mai yi mana jagorar, dattijuwa ce 'yar unguwar, gashi fari fat, da 'yar hularta ta rana da wani tsohon fayil cike da hotuna. Ba ta jin Hausa, amma Auta ta ce za ta fassara mata wannan ta tura mata, so Auta ki fassara da kyau ban da ƙari. Abin da ya burge ni da ita, ba ta gaggawa. Ta ga muna da tsofaffi da keken jarirai biyu, ta rage tafiyarta ba tare da kowa ya roƙe ta ba, kuma duk inda muka tsaya sai ta jira Auta ta gama juya wa Hajiya magana da Hausa kafin ta ci gaba.

Lungun Balmy muka fara shiga, tsakanin titin 24 da na 25. Lungu ne sosai irin namu, gajere, ƙofofin gareji da katangun katako hagu da dama, sai dai kusan babu inda ba a zana ba. A nan ta ba mu labarin wasu 'yan mata da suka kira kansu Mujeres Muralistas, wato mata masu zanen bango da Sifaniyanci, a farkon shekarun 1970. Patricia Rodriguez da Graciela Carrillo da Consuelo Mendez da Irene Perez. A lokacin an ɗauka zanen bango aikin maza ne, kowa Diego Rivera na Meziko yake kallo, wanda shi ma ya yi zane a garin nan tun 1931, kuma abin da mazan ke zanawa yawanci jarumai ne da juyin juya hali. Su kuwa matan sai suka zana kasuwa da masara da yara da iyaye mata da rawar gargajiya. Babban aikinsu na 1974 mai suna Latinoamérica yanzu babu shi, a fayil ɗinta ta nuna mana hotonsa, muka yi ta miƙa wa juna hannu da hannu.

Hajiya fa tun a mota take ƙunƙuni, wai an ɗauko ta daga Kano ta zo ganin jika an ɓige da kai ta kallon hotunan mutane a bango, Allah ya kyauta. Amma da muka tsaya gaban wata ƙofar gareji sai ta yi shiru. Zanen 1984 ne, shekarar da masu zane da yawa suka haɗu suka cika lungun don nuna adawa da yaƙe-yaƙen da ake yi a Amurka ta Tsakiya, irin su El Salbado da Nikaraguwa da Gwatemala. Miranda Bergman ce ta yi shi tare da wani abokin aikinta O'Brien Thiele. Gefe ɗaya iyaye mata ne riƙe da hotunan 'ya'yansu da aka ɗauke ba a sake ganinsu ba, ɗaya gefen kuma amfanin gona ne da yalwa da mutane cikin walwala. Auta ba ta ma gama fassara ba Hajiya ta ce, "Bar shi, na gane. Wannan fuskar na san ta." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, mu ma ba mu tambaye ta ba.

Mun wuce ta gaban ofishin Precita Eyes a titin 24, ƙungiyar da Susan Cervantes da mijinta Luis suka kafa a 1977, su ne ke koya wa yara zane suna kuma gyara waɗanda rana ta cinye. Yara suka so shiga sayen kati, muka ce sai wani jiƙon.

Inda ni abin ya taɓa ni shi ne kwanar titin 24 da York. Bango ne guda kusan duk shuɗi, shuɗi kala-kala kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata, aikin Juana Alicia na 2004. Maganar ruwa ce gaba ɗaya. Akwai matan Cochabamba ta Bolibiya da suka fito zanga-zanga a 2000 lokacin da aka damƙa ruwan garinsu a hannun kamfani kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, akwai mutanen kogin Narmada na Indiya da madatsar ruwa ke tasa daga ƙauyukansu, akwai matan garin Juárez na Meziko da ake kashewa. Jagorar ta ce a da wani zanen Juana Alicia ɗin ne a wurin, na mata masu tsinkar latas a gona, da ya lalace sai ita da kanta ta ɗora wannan. Hajiya ta kalle shi ta ce, "Au, su ma ruwan ne?" Muka kwashe da dariya, amma wallahi ni tunanin layin jarkoki a unguwarmu nake yi, da yadda muke zaman jiran 'yan garuwa tun asuba, da yadda in kura ba ta shigo ba ranar mace ce ke shan faɗan.

To a nan ne fa abin ya faru. Mun juyo za mu kama hanyar titin 18, tafiya ce mai ɗan tsawo, rana kuma ta buɗe don Mission ba kamar sauran garin ba ce da hazo ke rufewa, sai na ga Hajiya ta dafa bango, gumi na keto mata, hannunta na rawa, ina mata magana tana amsa min wani abu daban. Ashe ta sha maganin suga da safe ba ta karya ba, wai kar ta makarar da mu, kuma ni da ya kamata in duba ina can ina fama da shirya jariri. Laifina ne, ba na kowa ba. Kaina ya ɗaure, na tsaya riƙe da jaka kamar gunki.

Anti nas, ban san da wane baki zan gode miki ba. Kafin in ce uffan kin zaunar da ita, kin ciro abin awon suga daga jakarki, kin ce a kawo abu mai zaƙi yanzu-yanzu, kuma muryarki ko rawa ba ta yi ba, har kina tsokanarta wai Hajiya so kike ki ja mana abin magana a Kano. Dabino uku da Yaya ta ciro daga ƙasan jaka, waɗanda ina jin tun azumi suke ciki, su ma sun yi rana. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ba ku masu yi muku.

Sannan wata baiwar Allah mai ɗan shagon abinci a wurin, ban san sunanta ba, ba ta san namu ba. Ta hango mu ta fito da kujera da kanta, ta koma ta dawo da kofi babba na wani jan abin sha mai sanyi. Hajiya ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta ɗago kai ta ce, "Ke, wannan ai zoɓo ne." Jama'a zoɓo ne kuwa, su jamaica suke ce masa, da h ake furta farkon, soɓorodon nan dai namu, sai dai babu citta da kanumfari. Jin Hajiya ta fara ƙorafin rashin citta shi ya sa na san ta dawo. Na miƙa wa matar kuɗi ta ture hannuna, ta nuna Hajiya ta dafa ƙirjinta ta ce mamá. Na yi kuka a titi, ban ji kunya ba. Duk mai zuwa wajen ya min magana in kwatanta masa shagon, a je a yi mata ciniki don Allah.

Abban yara, na gode da ka bar ƙwallonka ana tsakiyar wasa ka zo da mota, duk da wahalar fakin ɗin unguwar nan. Mun so a wuce da Hajiya gida, Anti ta sake aunawa ta ce ya hau daidai, ita kuma Hajiya ta kafe wai ba ta zo rabin hanya don ta koma ba, sai ta ga gidan matan da ake ta zuzutawa. Haka aka kai ta a mota mu muka ƙarasa a ƙafa.

Kuma gara da ta kafe. Ginin matan yana titin 18, bene ne mai hawa huɗu, mata suka saye shi a 1979 suka mai da shi cibiyar taimakon mata, sai a 1994 mata bakwai suka zane fuskokinsa biyu tun daga ƙasa har sama, aka sa wa zanen suna MaestraPeace. A cikinsu akwai Juana Alicia da Miranda Bergman da Susan Cervantes da Irene Perez da muka riga muka ji sunansu, sai Edythe Boone da Meera Desai da Yvonne Littleton. An sabunta shi a 2012. Sai ka tsallaka titi ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame kafin ka gan shi duka. Can sama ta gefen titin Lapidge Rigoberta Menchú ce ta Gwatemala, wadda ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992, a tafin hannunta ɗaya kuma akwai Yemayá, wato Yemoja ta Yarbawa da bayi suka tsallaka teku da labarinta, 'yar'uwarmu ta Ilori ta yi ta tsalle wai ga 'yar garinsu. Akwai sunayen mata sama da 600 a rubuce cikin zanen, ga kuma zanen yadudduka na ƙasashe daban-daban, nan Hajiya ta fi daɗewa, tana bi da yatsa daga nesa tana cewa wannan saƙa ce, wannan rini ne.

Ta tambaya ta bakin Auta wai da gaske mata ne suka hau can sama, jagorar ta nuna mata hotonsu a kan ƙarafan da magina ke hawa, da bokitan fenti. Hajiya ta ce a gida zanen bango na magina ne, su ke yin dagi a fuskar soro a Zariya da Kano, mace nata jere ne a ɗaki da lalle a hannu, wanda sai an shigo ake gani. Ta ƙara kallon sama ta ce, "Su bakwai? To gayya suka yi." Ba ta ce ta sauya ra'ayi kan hoton mutum ba fa, kar a je a ce na ce, amma ta sa an ɗauke ta a gaban yadudduka, kuma ta ce a tura wa ƙanwarta.

Daga nan muka gangara filin Dolores muka shimfiɗa tabarmi. Masu dambun shinkafa da masu cincin da wadda ta soya awara tun ƙarfe biyar na asuba, Allah ya ƙara buɗi. 'Yan matanmu da suka yi ta tura keken jarirai ba ƙorafi, da samarin da suka tsaya mana muka yi azahar a natse, Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama karatu lafiya. Mai kyamara kuma muna jira, an ce hotuna sun fi ɗari uku, don Allah ki cire wanda nake kuka.

Akwai fulas ruwan toka da wani ƙaramin hijabi na yarinya da suka biyo mu a but ɗin mota, mai su ta min magana. Kular dambun kuma tana wurina, na wanke, amma sai an zo an gaida Hajiya za a karɓa, ita ta ce in faɗa.