Talata a gaɓar tekun Fante

Ƙarfe goma sha ɗaya saura nake wannan rubutu, a ɗakin baƙi na gidan Kawu a Nima. Ƙafafuna sun yi nauyi, rigata kuma har yanzu ƙaurin hayaƙin kifi take yi, amma na san in na bari sai gobe rabin abin da na gani zai zube.

Kwana tara ke nan da zuwana Akra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke kiranta. Tun ranar da na sauka nake bin taubashina da magiya ya kai ni gidajen bayin nan na bakin teku. Kawu ne ya yanke maganar jiya da daddare, ya ce shi ma da shi za a je. Wai a ƙasar nan aka haife shi, ya bi ta garin Cape Coast ya fi a ƙirga, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafa a cikin ginin ba.

Muna idar da sallar asuba muka sha koko da ƙosai a bakin layi, muka nufi tashar Kaneshie. Tafiyar ta kai kilomita 150 ko kusa da haka, kuma cunkoson fita daga gari ya ci mana fiye da awa guda. Ban ji haushinsa ba, domin sunayen wuraren sun ɗauke min hankali. Mun wuce Mallam, mun shiga Kasoa, Kawu ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, ka ji sunan? Kasuwa ce, bakin mutanen nan ne ya lanƙwasa ta." Daga nan sai mararrabar Winneba, sai Mankessim, sai Saltpond, inda teku ya fara leƙowa ta hannun hagu tsakanin itatuwan kwakwa.

Na ga teku a Akra, amma nan daban ne. Ƙauyuka ne jere da juna, Abandze, Anomabo, Biriwa, kowanne da kwale-kwalensa a kan yashi da matansa a gaban murhun kyafa kifi. A Abandze akwai wani tsohon sansanin Turawa a kan tudu, ana hango shi daga titi, a Anomabo ma akwai wani a cikin gari. Taubashina ya ce haka suke birjik a gaɓar nan, amma manyan uku ne: na Osu a Akra, na Cape Coast, da na Elmina. Na tambayi wata mata da ke kusa da mu dalilin da ya sa jiragen duk suke tudu. Ta ce ai yau Talata, masunta ba sa shiga teku ranar Talata, ranar gyaran koma ce da hutu.

Mun isa Cape Coast da hantsi. Masu garin, Fante, Oguaa suke ce masa. Ginin fari ne fat, har yana kashe ido, da igwa jere a kan katanga bakinsu na kallon ruwa. Da ba a faɗa maka ba sai ka ɗauka fadar wani sarki ce. Mun biya kuɗin shiga, ni na baƙi, su na 'yan ƙasa, aka haɗa mu da wasu ɗalibai da wasu baƙaƙen fata 'yan Amurka su biyar. Jagoranmu ya fara da tarihi: Turawan Suwidin ne suka kafa sansani a nan a 1653 don cinikin zinariya da katako, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wa Ingila a 1664, kuma daga nan suka riƙa mulkin yankin har 1877 da suka mayar da hedikwata Akra. Ina ji ina rubutawa a waya. Sai ya ce mu biyo shi ƙasa.

Gangare ne mai santsi, kana sauka haske yana janyewa. Ɗakuna biyar ne a haɗe, rufinsu kamar bakan gizo, da 'yan ƙananan tagogi can sama kusa da rufi. Ya ce a nan ake zuba maza wajen dubu a lokaci guda, wani sa'in su yi wata uku suna jiran jirgi. Sai ya haska ƙasa da tocila ya ce mu duba abin da muke takawa. Ba daɓe ba ne. Bahaya ne da jini da amai da sauran abinci, shekara da shekaru suna taruwa suna daskarewa har suka rufe bulon da ke ƙasa. An kankare wani gefe don a ga bambanci. Ban san lokacin da na ɗaga ƙafa ɗaya ba, sai kuma na ga ba inda zan ajiye ta sai a kan abin.

Daga nan ya ce kowa ya kashe waya, ya kashe fitila. Minti ɗaya ne ko ƙasa da haka. Ba abin da kake ji sai dukan ruwa a jikin dutse da numfashin na kusa da kai. Wata daga cikin matan Amurka ta fashe da kuka. Na ji Kawu yana maimaita innalillahi a hankali. Ni kuwa abin da ya faɗo min shi ne, a cikin dubun nan akwai wanda ya san lokacin sallah ya yi kuma ba ruwa, ba wurin da zai sa goshi? Na karanta cewa bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1835, an tarar da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, kuma da Hausawa a cikinsu. Su ta Ikko, wato Legas, da Wida ta ƙasar Benin ta yau aka fi fitar da su, ba ta nan ba. Amma duhu ɗaya ne.

Da muka fito sarari ya nuna mana abin da ke saman kurkukun. Coci ne. A kan mutanen nan kai tsaye ake taruwa ranar Lahadi ana waƙoƙin yabo. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ja tsaki, ni ma zuciyata ta tafasa, kuma a lokacin na ji daɗin samun wanda zan nuna wa yatsa. Can sama kuma ɗakunan gwamna ne, da tagogi manya, iska na shiga ta ko'ina. Ban daɗe a ciki ba.

Ƙofar da ake kira ta ba dawowa tana can ƙasa, bayan kurkukun mata. Jagora ya jira muka taru, ya tura ta. Abin da ban shirya masa ba ke nan. Haske ya buge mu, sai ga mutane. Maza zaune a kan yashi sun miƙe ƙafa, koma a babban yatsa suna ɗinki. Yara suna ƙwallo tsakanin jirage. Wata mata tana soya kifi tana faɗa da 'yarta. Rediyo na tashi. Ba wanda ya ɗago ya dube mu. A bayan ƙofar ta waje an rubuta cewa ƙofar dawowa ce, domin a 1998 an dawo da ƙasusuwan bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka shigo da su ta nan, aka binne su a Assin Manso, inda ake wa bayi wankan ƙarshe a rafi kafin a gangaro da su gaɓa.

Kawu ya ce gwiwarsa ta gaji, muka zauna a gefen wani kwale-kwale. Ya fito da goro ya ɓara, ya miƙo min rabi, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ka san kakana bafatake ne." Na ce na sani, Kawu, mu ma da labarin fataucin Gwanja aka raine mu a Kano: ayarin jakuna, madugu a gaba, kanwa da tufafi da fatu, wata da watanni a hanya, a dawo da goro daga Salaga. Ya ce, "To ba kanwa kaɗai ake saukewa a Salaga ba. Tsohuwarmu ta sha faɗa mana, har da mutane. Ba ta ɓoye ba, kuma ba ta faɗa da alfahari ba."

Na yi ƙoƙarin kare tsohon. Na ce ai Ingila ta hana cinikin a 1807, shi kuwa ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin, ba shi da hannu a abin da ya bi ta ƙofar nan. Kawu ya ce gaskiya ne, amma kasuwar Salaga ta ci gaba da ci bayan an rufe wannan, waɗanda aka sayar suna ƙarewa a gonakin Asante, kuma uwar da aka raba da ɗanta ba ruwanta da ko teku aka haye da shi ko daji. Ban sami amsa ba. A Kasuwar Kurmi tamu ma an sayar da mutane, kowa ya sani, kuma har gobe in maganar aure ta taso a wasu gidaje sai ka ji ana raɗa asalin wani. Mun iya ba da labarin abin da Bature ya yi mana, kuma ya yi ɗin, na tsaya a kansa da ƙafata yau. Namu ne muke bi ta gefensa kamar yadda Kawu ya yi ta bin gefen ginin nan shekara da shekaru.

Mun yi sallah a masallacin zango kusa da kasuwar Kotokuraba, muka haɗa azahar da la'asar tun da matafiya ne. Dattijon da ya ba mu buta da Hausa ya gaishe mu, irin ta nan da ba ta raba mace da namiji, yana ba mu labarin matarsa yana cewa "ya tafi kasuwa". Na ji sanyi a raina da jin harshen. Abinci kuma dokunun Fante muka ci, wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yaji baƙi da suke kira shito. Da farko tsaminsa ya yi min yawa, daga baya na ƙara.

Elmina ba nisa, tafiyar minti ashirin a tasi. Ginin can ya girmi na Cape Coast nesa ba kusa ba: Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637 bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa sun yi masa ruwan igwa, sannan suka miƙa wa Ingila a 1872. Gaskiya jikina ya riga ya mutu, ban iya saurare kamar da safe ba. Abu biyu suka tsaya min. Ɗaya tsakar gidan mata, da baranda a sama inda gwamna ke tsayawa a fito masa da su ya zaɓa, da dunƙulen ƙarfen igwa a ƙasa da ake ɗaure wadda ta ƙi. Na tuna 'yata, na fita daga wurin. Na biyu ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can tsibiran Seshel, bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. Taubashina ya ce min a hankali, "Yaya, ka san sojojin Hausa na cikin rundunar da ta ci Kumasi a 1874?" Na sani. Da yawansu ma bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu suka shiga aikin Bature a Ikko. Ko ta ina ka juya a gaɓar nan sai ka ci karo da mu.

Abin da ya dawo min da numfashi shi ne gadar da ke kan tafkin Benya. Tun da Talata ce, jiragen garin duk suna gida, sun cika bakin ruwan maƙil, har yaro zai iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan bai taɓa ruwa ba. Kowanne da fentinsa, ja da shuɗi da rawaya, da tutoci na ƙasashe da na kulob-kulob na ƙwallo, da rubutu a jiki, yawanci addu'a. Wani masunci ya bar ni na shafa gindin jirginsa, ya ce daga kututture ɗaya na itacen wawa aka sassaƙo shi a daji, sannan aka ɗora katako a gefe. Ya yi ƙorafin kifi ya ja baya, manyan jiragen waje suna kwashe har ƙanana, man inji kuma ya yi tsada. Ya ce in dawo Talatar farko ta watan Yuli in ga bikin Bakatue, ranar da ake buɗe tafkin. Na fi rabin awa a tsaye a gadar nan, farin gini a hannun dama, hayaƙin murhu a hagu, yara suna faɗawa ruwa daga kan jirage.

Gwaggo ta yi mana kashedi kada mu dawo mata hannu rabbana, don haka muka shiga wajen masu kyafa. Kawu ya yi ciniki da Fantanci har matar ta yi dariya ta ƙara mana gyara. A Yamoransa kuma direba ya tsaya kowa ya sayi dokunu na tsaraba.

A hanyar dawowa Kawu bai yi barci ba, ko da yake ya rufe ido. Muna cikin cunkoson Kasoa, wajen ƙarfe tara, ya ce in ban yi gaggawar komawa Kano ba, mako mai zuwa mu hau motar Tamale mu gangara Salaga, har yanzu akwai rijiyoyin da aka shayar da bayi a da, kuma yana so ya nemi unguwar da kakansa ke sauka. Na ce to, Kawu. Gobe da safe zan je a ɗaga min tikiti.