Laraba, dalsima a cinya

Daga la'asar zuwa magariba bidiyo uku kawai na kalla, duka na dalsima, kayan kiɗa mai tsirkiya uku na duwatsun Afalashiya ta Amurka, amma na farkon na maimaita shi ya fi a ƙirga. Tsohon ɗauka ne na Jean Ritchie, 'yar Viper a jihar Kentaki, wadda ta rasu a 2015. Ta kwantar da abin a cinya, tana zame ɗan itace a kan tsirkiyar waƙa kaɗai, sauran biyun kuwa suna ta guna a ƙasa ba a taɓa su. Wannan gunar ita ce ran kiɗan, kuma lasifikar waya ba ta fitar da ita. Sai da abin sa wa a kunne.

Abin da na riƙe yau: kafin a bi kowane bidiyo, a fara gano ɗaurin da mai kiɗan ya yi, wato sautin da ya kai kowace tsirkiya. Masu ɗan itace galibi DAA suke ɗaurawa, masu danna tsirkiyoyi uku da yatsu kuwa DAD (haruffan sunayen sautin tsirkiyoyin ne: kakkaura, ta tsakiya, ta waƙa). Gaɓa su ne ƙarafan da ke gicciye ƙarƙashin tsirkiyoyi, inda ake dannawa. A DAA jerin sauti daga gaɓa ta 3 yake tashi, a DAD daga sakakkiyar tsirkiya. Wanda ya kwafi lambobin wancan ya ɗora a kan wannan zai ji waƙar ta karkace, ya ɗauka hannunsa ne, alhali ɗauri ne.

Ɗaurin ba wuya. A kai kakkaurar tsirkiya D. A danne ta a gaɓa ta 4, sautin da ya fito shi ne A na ta tsakiya, da na ta waƙa in DAA ne. In DAD ake so, a danne kakkaurar a gaɓa ta 7, a ja ta waƙa har su yi daidai. A ja a hankali, domin siririya ce, kaurinta 0.010 zuwa 0.012 na inci, kuma a wannan hawan daga A zuwa D ta fi tsinkewa.

Bidiyo na biyu ya daɗe a kan gaɓar 6+, wadda tsofaffin dalsima ba su da ita. Tana tsakanin 6 da 7, ita ke ba da C mai kaifi (C#, sautin da ke ɗan sama da C) a tsirkiyar D. Mai ƙirga ƙarafa da ido yakan kira ta 7, daga nan duk abin da ke sama ya goce da ɗaya.

Na uku gyara ne. In tsirkiya na zizar ƙarfe, ta yi ƙasa da yawa. In ta yi sama, sauti na haurawa idan an danna. A kan gaɓa ta 7 tazarar kusan milimita 2 ake nema. Ni dai na fi yarda da gwajin jaki, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa kansa a ƙarshen dalsimar: a taɓa tsirkiya sama-sama a kan gaɓa ta 7 a kaɗa, sannan a danne ta sosai. In sautin dannen ya haura na farkon, a ja jakin baya kaɗan, nesa da gaɓoɓin.

Na mai da gudun bidiyon 0.75 a YouTube, sautin bai sauka ba, hannun dama ya fito sarai: daga wuyan hannu bugun yake zuwa, gwiwar hannu na zaune. Dalsimar tana ta zamewa daga cinyata, sai na shimfiɗa ɗan ƙyallen fata a ƙarƙashi. Gobe ɗaurin DAC: a danne kakkaura a gaɓa ta 6 a sami C na ta waƙa.